Ruwan Alwalar Inna Tumba

A Wurno, bayan ɗakinmu na ƙasa,
inda katanga ta tsage tun ina goye,
Inna Tumba ta kafa garka.
Taku bakwai tsawonta, faɗinta huɗu,
da lalle, da zogale, da magarya a kusurwa.

Ba ta taɓa alwala bisa dandamali ba.
Sai ta ɗauki buta ta nufi gindin lalle,
ta tsuguna, ta yi bisimilla,
abin da ya zuba daga gwiwar hannunta
shi ne rabon saiwa na ranar.
"Salla biyar, shayarwa biyar," in ji ta,
"in na yi nafila zogale ya samu ƙari."

Bazarar Sakkwato ba ta sallama.
Rijiya ta ja baya, guga ya dawo da laka,
ƙadangare ya saki baki a inuwar randa,
ganyen yakuwa ya langaɓe kamar kunnen akuya.
Muka ce, Inna, bar su, mu ma ƙishirwa muke ji.
Ta ce, "Ku kuna da baki, kun iya roƙo.
Su tasbihinsu ba shi da sauti,
wanda ya jiyo shi, nauyi ya hau kansa."

Ran da hadari ya haɗo daga gabas,
ƙasa ta saki ƙamshin da mai ciki ke kwaɗayi,
ta fita ba takalmi, tana salati a hankali.
Kwana tara, kabewa ta haye darni,
lalo ya fito inda ba wanda ya shuka shi.
Ta ja ni gona ta nuna min gawo:
kowa ya sa koriyar riga, shi ya tuɓe.
Na ce ya mutu.
Ta ce, "Kul! Halwa ya shiga.
Ya bar wa gero rana ya sha.
In kowa ya bushe, sannan zai yi ganye,
shanu su zo su kwanta a ƙarƙashinsa.
Ba kowane bawa ke ibada a lokacin jama'a ba."

Da kaka takan ƙulle iri a tsumma,
ta barbaɗe da toka, ta rataye a rufin ɗaki.
Ige ta zo, Hassi ta gidan maƙera ta zo,
kowacce ta koma da ƙulli a bakin zane.
Ko sisi ba ta karɓa.
"Aro aka ba ni. Wa ke sayar da aro?"

Ta rasu da rani, ana cirar tafarnuwa a fadama,
gari duka yana warinta.
Mata suka ce a samo ganyen magarya na wanka.
Ni na shiga kusurwar nan na tsinko,
ƙaya ta ja min jini a babban yatsa.
Shekara talatin tana ba ta ruwa da hannunta,
ran nan ita ma ta wanke ta.
Ban yi kuka ba sai da na ga kumfar.

Yanzu garkar tawa ce, kuma ba ni da hannunta.
Akuyar maƙwabta ta cinye zogalen sau biyu,
bana kabewa ta yi fure ta zubar.
Akwai asubar da sanyin jiki ke kayar da ni,
in yi alwala a bakin ƙofa, ruwan ya bi rariya,
in wuni kamar wadda ta hana baƙo abinci.

Jiya da la'asar na leƙa ta taga,
sai ga Luba, autata, da 'yar butar roba,
ta tsuguna a gindin lalle,
tana wanke ƙafar hagu kafin ta dama.
Na buɗe baki zan gyara mata.
Na ga ƙasa tana sha.
Na bari sai ta gama.